Tarihin Rayuwata, Kashi Na 14: Shekarar Da Muka Ƙirga Ma'aikata

A makon jiya na tsaya ne a inda aka ɗauke ni daga ofishin ajiye fayiloli aka mayar da ni sashen albashi, kuma na yi alkawarin kawo labarin aikin tantance ma'aikata da aka sa ni a ciki a shekarar 2000, wanda har yau idan na tuna shi nakan ji wani abu ya tokare mini ƙirji.

Asalin maganar shi ne, a ranar ma'aikata ta 1 ga Mayu na wannan shekara Shugaba Olusegun Obasanjo ya sanar da sabon mafi ƙarancin albashi, naira 7,500 ga ma'aikatan tarayya, naira 5,500 kuma ga na jihohi. Matasan ofishinmu suka ɗauki murna, amma mu da muka ɗan kwana biyu muka yi shiru, domin mun taɓa ganin irin wannan rana. Ina ɗalibi aka biya kuɗin Udoji, wato babban ƙarin albashin da kwamitin Udoji ya ba gwamnati shawarar yi wa ma'aikata, a farkon 1975, haɗe da ariyas na watanni, kuma da idona na ga malamanmu sun sayi babura da rediyo mai kaset, sannan na ga yadda farashin komai ya bi su a guje har ya wuce su. Lokacin da na kama aiki a 1982, a mataki na 04, mafi ƙarancin albashi naira 125 ne, wanda aka kafa a 1981 zamanin Shagari, kuma a wancan lokaci naira ta fi dala daraja. A shekarar 2000 kuwa dala ɗaya ta kai wajen naira 100, saboda haka duk mai iya lissafi ya san cewa mai 5,500 bai kama ƙafar mai 125 ba. Tun kafin ƙarin ya shigo hannunmu, mai gidan da nake haya ya aiko ɗansa da saƙon cewa shi ma ya ji labari a rediyo.

Gwamnatin jiharmu ta ce ba ta ƙi biya ba, sai dai ma'aikata sun yi yawa, kuma idan aka biya kowa sabon albashi, kason da ke zuwa daga asusun tarayya zai ƙare a baucan albashi ba tare da an gina ko da kwalbati ɗaya ba. Ƙungiyar ƙwadago ta yi barazanar yajin aiki, daga bisani aka daidaita a kan cewa za a fara ƙirga ma'aikata tukuna. Aka kafa kwamitoci, aka naɗa ni sakataren ɗaya daga cikinsu, aka tura mu wasu ƙananan hukumomi. Ƙa'idar ita ce a biya albashin wannan wata a hannu, kowa ya zo da ƙafarsa, riƙe da takardar ɗaukar aiki, da ta tabbatarwa, da ta ƙarin girma na ƙarshe, da hoto.

Tun kafin mu tashi ina da shakka a kan wannan magana ta yawan ma'aikata, domin ta yi gaskiya a wani wuri, ta yi ƙarya a wani. A hedikwata mu huɗu ne a kan tebur ɗaya da tafireta ɗaya, kuma wanda ya riga zuwa shi ke samun kujera. Duk lokacin da aka ƙirƙiro sababbin jihohi, a 1987 da 1991 da 1996, sai an samar da sababbin ma'aikatu, kowace da babban sakatare da daraktoci da motocinsu, alhali tun bayan rage ma'aikata na 1984 da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ake yawan dakatar da ɗaukar ƙananan ma'aikata. Kai ya yi ta girma, ƙafafu suna ramewa.

A rana ta biyu wani dattijo ya iso gaban teburinmu, maigadi ne a wani rumbun ajiyar taki, yana mataki na 02. Ya ciro wata leda daga aljihun 'yar shararsa, ya warware ƙulli uku, ya shimfiɗa mana abin da ya rage na takardar ɗaukarsa aiki. Gara ta cinye rabinta, ta cinye kwanan wata da sa hannu, ta bar tambarin gwamnati kawai da rabin sunansa. Na ce, "Baba, ina ta tabbatarwa?" Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ban san an yi wata ba. Wannan aka ba ni, kuma tun daga ranar ban taɓa kwana a gida ba sai da rana." Duk wanda ke cikin layin ya shaide shi, har shugaban sashensa ya rantse a kansa, amma ƙa'ida ta ce marar cikakkun takardu a ajiye albashinsa a sa sunansa a jerin waɗanda ake shakka. Ni na rubuta sunan da hannuna. Ya naɗe ledarsa a hankali, ya ƙulla ƙullin nan uku kamar yadda ya same su, ya yi mana godiya ya fita.

Bayansa da kaɗan sai ga wata ma'aikaciyar lafiya daga wani ƙauye mai nisa, ta zo a kan babur ɗan haya, ƙura ta rufe mata mayafi. Ta roƙe mu a sallame ta da wuri, domin ita kaɗai ce a ɗakin shan maganin garin, ita ce mai allura, ita ce mai karɓar haihuwa, ita ce mai shara, kuma ta kulle wurin ta taho da makulli. Na duba baucan da ke gabana na ga sunaye bakwai, har da nata, a ƙarƙashin wannan ɗakin magani. Na karanta mata su ɗaya bayan ɗaya. Ta san biyu, waɗanda suka nemi canjin wurin aiki suka koma birni tun da daɗewa amma albashinsu na fitowa ta nan, sauran huɗun kuwa ta ce ba ta taɓa jin ko sunansu ba.

Abin mamaki, huɗun nan duk sun bayyana kafin la'asar, cikin shadda mai sitaci, da takardu cikakku a cikin fayil sabo, babu ko ɗigon tawada a inda bai dace ba. A ranar na fahimci cewa abin da jama'a ke kira ma'aikatan bogi iri biyu ne. Akwai sunan mamaci ko wanda ya yi ritaya da ba a cire ba, wani yana karɓa a madadinsa, kuma wannan yana da sauƙin kamawa idan an ga dama. Akwai kuma mutum mai rai da lafiya, da takarda ta gaske, wanda wani babba ya sa sunansa, bai san hanyar wurin aikinsa ba, sai dai ya san ranar biya. Mu a sashen albashi 'yan ƙarshen wata muke kiran su, kuma babu ƙa'idar tantancewa da ta tanadi abin da za a yi da su, tun da abin da aka ce mu duba takarda ce da fuska.

Da dare na sami shugaban kwamitinmu a masauki na nuna masa sunayen. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya cire tabarau ya ce, "Malam sakatare, 'ya'yanka nawa?" Na ce shida, Yallaɓai. Ya ce, "To, rubuta abin da aka aiko mu mu rubuta. Wanda ya sa su yana nan, kuma zai daɗe bayan mun tafi." Ban yi masa musu ba, kuma ba zan yi wa kaina ado a nan in ce na yi jarumta ba. Abin da kawai na iya shi ne na ƙara shafi ɗaya a ƙarshen rahoton, na jera wuraren da muka tarar da ma'aikaci ɗaya yana aikin mutane da yawa, na kuma roƙi a karɓi shaidar shugabannin sassa a madadin takardun da suka lalace.

An biya sabon albashin bayan 'yan watanni. Daga baya gwamnatin tarayya ta fara tsarin IPPIS na biyan albashi ta kwamfuta a 2007, Babban Banki ya kawo lambar BVN ta tantance masu asusun banki a 2014, kuma na yarda sun rage cin albashin matattu, amma kwamfuta ba ta zuwa ƙauye ta leƙa ko an buɗe ɗakin magani. Maigadin nan sai da ya yi wata biyar babu albashi, yana ci gaba da kwana a bakin rumbun, kafin a mayar da sunansa, kuma ariyas ɗinsa ba a biya shi duka ba har ya yi ritaya.

Shafin nan ɗaya da na ƙara kuwa ashe an karanta shi. Mako uku da miƙa rahoto masinja ya kawo mini ambulan mai ruwan ƙasa, na buɗe na ga an canja mini wurin aiki zuwa ƙaramar hukumar da ta fi kowace nisa da gidana, kuma daga nan zan ɗora a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.