Kafin Ka Sa wa Motarka Dif-lok

Duk wanda ya taɓa kai taki gona a fadamar Haɗeja cikin watan Agusta ya san abin da zan faɗa. Mota ta shiga taɓo, tayar dama tana ta wulwulawa tana watsa laka har saman bodi, ta hagu kuwa tana zaune daram a kan ƙasa mai tauri, ko motsi ba ta yi. Ka sa oziliyari, wato giyar da ke sa tayoyi huɗu duka su ja, gaban ma ya yi maka irin ta bayan. Haka tsohuwar Hilux ɗita ta 1994, mai injin dizal 2.8, ta yi min har sau uku a damina guda. A na ukun sai da muka sauke buhu ashirin na taki, yara suka kwashe a ka, muka jira tarakta har bayan la'asar. Daga ranar na ƙudurta sai na kulle aksul ɗin baya, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin baya biyu. Na kulle ɗin kuwa, amma sai da na yi asarar shaf guda (sandar ƙarfen da ke juya taya), saitin haƙoran giya guda, da kuɗin da zai noma min kadada. Ku ƙannena da kuka fara sayen irin waɗannan motoci don aikin gona da shiga daji, ga yadda aka yi.

Ku fara gane abin da ke cikin tukunyar nan ta tsakiyar aksul. Idan mota za ta sha kwana, tayar waje tana cin tafiya fiye da ta ciki. Saboda haka aka sa ƙananan giyoyi a cikin tukunyar, su bar kowace taya ta juya da gudun da ya dace da ita. A kan kwalta wannan rahama ce. Illarsa ita ce ƙarfin da suke bai wa tayoyin biyu daidai yake, kuma ba ya wuce abin da tayar da ta fi rauni za ta iya riƙewa. Idan ɗaya tana cikin santsi ko ta tashi sama, ɗan abin da ta samu shi 'yar'uwarta za ta samu. Dif-lok, wanda direbobin tifa suka fi kowa saninsa, aikinsa ɗaya ne: ya haɗe shaf ɗin hagu da na dama su zama tamkar sanda guda, kowace taya ta juya ko ta so ko ta ƙi.

Ni da na ji haka sai na ce ai abu mai sauƙi ne. Wani mai walda ya ce min zai narke ƙananan giyoyin nan ya haɗe su, kafin azahar an gama, kuɗin bai kai na buhun taki ɗaya ba. Na yarda. A cikin taɓo motar ta zama wata aba daban, ba zan ɓoye ba. Amma tsakanin gidana da gonar akwai kwalta mai nisa, kuma walda ba ta da makunni. Duk kwanar da zan sha, tayar ciki sai ta riƙa kuka tana tsalle, sitiyari yana juyawa motar tana neman miƙewa. Tayoyin baya suka cinye cikin 'yan watanni. Da kaka ta yi, na lafta mata shinkafa, na zo juyawa a wani matsattsen wuri gaban injin casa, sai na ji "ɗas!" a ƙarƙashina. Shaf ɗin hagu ya karye daidai wurin haƙoransa, ya murɗe kamar igiyar da aka tufka. Garin neman ƙiba na samo rama. Walda ta motar da ba ta hawa titi ce sam. Motar da ke ɗaukar kaya tana bin kwalta, kada ku kusance ta da ita.

Sai na koma neman na gaskiya, wanda ake kunnawa a kashe. Iri-iri ne. Akwai mai aiki da iska, wanda kamfanin ARB na ƙasar Ostareliya ya yi suna da shi. Shi sai an ɗaura kwamfiresa a mota, a huda tukunyar a shigar da siririn bututu, kuma idan mai ɗaurawa ya ji wa robar da ke tare iskar ciwo, iska za ta riƙa zurarewa cikin aksul tana turo man giya waje. Wani amfaninsa kuma, kwamfiresar za ta ba ka iskar taya a daji. Akwai mai mayen ƙarfe da lantarki, irin na Eaton, wanda waya kawai yake buƙata. Akwai kuma mai kulle kansa da kansa, irin Detroit Locker, wanda ba ya jiran umarnin direba, yana ƙas-ƙas a kwana, kuma sai hannu ya saba da halinsa. Ni wanda aljihuna ya iya shi ne na Toyota kansu, ɗan gwanjo: tukunya sukutum mai inci 8 da ɗan ƙaramin moto a gefenta, irin wadda ke zuwa a wasu Tacoma da 4Runner.

A nan na tafka kuskuren da ya fi ci min rai, domin na ɗauka na yi bincike. An gaya min in ƙirga haƙora. Na tsuguna a gaban shagon na ƙirga haƙoran babban faifan, kiran-wil, ina sa alli a kan na farko don kada in maimaita. Arba'in da ɗaya. Na motata ma 41 ne. Na biya, na ɗauko. Ban ƙirga na ɗan ƙaramin da ke juya shi ba, wato finiyo, saboda yana can ciki, sai an leƙa ana juyawa a hankali. Nawa haƙora 9 gare shi, wannan kuwa 10. Idan ka raba 41 da 9 za ka samu 4.56, idan ka raba da 10 kuma 4.10. Haƙori ɗaya tak, amma ma'anarsa duk lokacin da tayoyin gaba suka juya sau tara, na baya suna neman juyawa sau goma.

Abin da ya ruɗe ni, a kan titi ban ga wata matsala ba, tunda baya kaɗai ke ja. Na dai lura motar ta ɗan yi nauyi a hawa, agogon gudu kuma yana nuna ƙasa da yadda nake jin tafiyar. Ranar da na sa oziliyari a kan burji mai tauri, ko taku hamsin ban yi ba motar ta ɗaure. Tana tafiya tana tirjewa kamar jakin da ake ja ta gaba ana riƙe da shi ta baya, tayoyi suna ƙwaƙular ƙasa, sandar oziliyari ta ƙi fita ko da hannu biyu. Sai da na ɗaga taya ɗaya da jak, ta yi wata irin zabura ta warware, sannan sandar ta saku. Da na dage na ci gaba, da ƙaramin giyabos na oziliyari ko farfela, wato doguwar sandar da ke kai juyi daga giyabos zuwa aksul, ne zai biya.

Gwajin da zai hana wannan bai fi minti biyar ba. A motar da ba a kulle ba, ka sa giya a firi, ka tare sauran tayoyin da dutse, ka ɗaga tayar baya ɗaya, ka sa alli a farfela. Ka juya tayar sau biyu cif, wani yana ƙirga juyin farfela. Huɗu da rabi, kana kan 4.56 ke nan. Huɗu da ɗan ɗoriya, 4.10. A tukunyar da ke ƙasa a shago kuwa, ka ƙirga haƙoran duka biyun, babba da ƙarami. Akwai kuma lambar aksul a jikin farantin da ke cikin ɗakin inji, amma motocinmu sun bi hannu da yawa, ba ka san wanda ya canja me ba. Allin ya fi min farantin.

Dole na nemo saitin 41 da 9 wanda ya dace da sabuwar tukunyar. Yaron garejin da na saba da shi ya ɗaura, ya jijjiga faifan da hannu ya ce ya zauna. Sati biyu ba a yi ba aksul ya fara kuka, wani siririn gunji da ke tashi duk lokacin da na ɗaga ƙafa daga totur. Daga nan aka kwatanta min wani dattijon makaniki da ya yi shekaru yana aikin motocin daji. Ya zare tukunyar, ya wanke da kananzir, ya shafa jan fenti a haƙora huɗu, ya juya gaba ya juya baya, sannan ya kira ni.

"Zo ka gani, ɗana. Ka ga inda fentin ya goge? Can bakin haƙorin yake ci. A tsakiya ya kamata ya ci."

Na ce, "Baba, ba a iya gyara zamansa?"

Ya ce, "Da ka zo ran farko, a gyara. Yanzu ƙarfen ya riga ya koyi wannan zaman. Ko na saita, kukan ba zai bar shi ba."

Ya ɗauko agogon awo mai allura ya kafa a jikin haƙorin, ya nuna min wasan da ke tsakanin finiyo da kiran-wil. A irin wannan aksul na Toyota ana son ya tsaya tsakanin milimita 0.13 da 0.18. Kauri ne irin na gashin kai biyu ko uku. Wane hannu ne zai auna wannan da jijjigawa? Nawa ya ninka haka. Sai da na sake sayen wani saitin. Ya yi wuni guda a kansa, yana sa wasali, wato siraran zobban ƙarfe, yana cirewa, yana ɗaure boris yana gwada nauyin juyinsa, yana sake shafa fenti. Idan za ku ba wani wannan aikin, ku tambaye shi agogon awonsa. In ya ce hannunsa ya isa, ku yi masa godiya ku ƙara gaba, komai kirkinsa.

Shi ne kuma ya gyara abin da aka yi wa kwankwason aksul ɗin. Tukunyar mai dif-lok ba ta shiga gidan da ba nata ba sai an yanke ɗan gurbi a bakinsa, an huda sababbin ramukan noti. Yaron ya yi wannan da giranda, amma bai wanke garin ƙarfen ba. Dattijon ya zura mayen ƙarfe ciki ya fito da shi ya yi gashi baƙi ƙirin. Ya wanke, ya zuba sabon man giya GL-5, ya ce in zubar da shi bayan kilomita 800 in sa wani, kuma kafin nan kada in lafta mata kaya. Wayar moton ma sai da mai riwaya ya sake ta da rile biyu, wato makunnan da wuta ke sarrafawa, domin moton yana juyawa gaba ya kulle, ya juya baya ya buɗe, kuma dole wuta ta yanke da zarar ya kai ƙarshe. In aka ba shi wuta kai-tsaye daga batir, ƙonewa zai yi. Ya sa min ɗan ƙwai a gaban sitiyari wanda ba ya kamawa sai haƙoran sun shiga da gaske.

Bayan duk wannan sai ya rage koyon amfani da shi, kuma nan ma na sha. Ana kunna shi ne kafin a shiga wurin, mota a tsaye ko tana rarrafe. In ka riga ka kafe, ɗaga ƙafarka tayoyin su tsaya cik tukuna. Kunna shi taya tana wulwulawa daidai yake da cusa giya ba kuloci. Littafin Toyota ya ce kada a wuce kilomita 8 a awa yana kulle, kuma da ka fita ka kashe. In ya ƙi saki, ɗan karkaɗa sitiyari ko ka ja baya kaɗan.

Abin da ba wanda ya gaya min shi ne halinsa a gefen gangara. Wata safiya ina bin gaɓar kanal bayan ruwan dare, hanyar ta ɗan karkata wajen ruwa, na kunna shi don ina ganin ƙarin tsaro ne. Ina taɓa totur tayoyin baya biyu suka sulɓe tare, gindin motar ya zame gefe har tayar dama ta leƙa bakin kanal. Ashe a da tayar da ba ta juyawa ita ce turken da ke riƙe ni. Ɗana na baya ya yi salati, ni ma na yi. Muka fita ta ƙofar hagu, muka yi awa biyu muna cusa itace da haki kafin ta dawo hanya. A karkace a kan santsi, ku bar shi a buɗe muddin motar tana tafiya.

Kuma kada ku ɗauka yana maganin kowace kafewa. Idan cikin motar ya zauna a kan laka, tayoyi huɗu suna reto, ko ka kulle gaba da baya ba inda za ka. A rairayi irin na wajen Machina da Yusufari, idan iskar tayarka tana 40 kamar yadda masu faci ke son cikawa, dif-lok zai taimake ka ne ka haƙa rami biyu maimakon ɗaya. Rage iskar zuwa 18 ko 20 ya fitar da ni daga yashi fiye da sau nawa makullin ya fitar da ni. Da zan sake daga farko, tayoyi masu manyan haƙora zan fara saya, da fanfon iska, da shebur, da igiyar ja mai kyau. In na yi damina guda da su na ga har yanzu taya ɗaya ce ke yaudarata, sannan in je ga dif-lok. A fadamarmu haka ɗin ne, shi ya sa ban yi nadamar sa shi ba, hanyar da na bi ce ta yi tsada.

Saura abu guda da nake yi duk shekara kafin ruwan farko. Ɗan moton nan yana zaune ne ƙasa, inda ruwa da laka ke dukansa, kuma yana da siririn tiyo na shan iska. In tiyon ya tsage, ruwa ya shiga, tsatsa ta kama ciki, ranar da kake buƙatarsa ɗan ƙwan ba zai kama ba. Na ja tiyon nawa da na aksul ɗin sama zuwa ƙarƙashin bodi na ɗaure. Ko da rani, duk sati biyu nakan sauka daga kwalta in kunna shi in kashe sau biyu a kan ƙasa, don kada ya sandare. A watan Mayu kuma nakan kwance noti na ƙasan tukunyar in tara ɗan man a murfin gwangwani in duba a rana. In ya yi fari-fari kamar kunun gyaɗa, ruwa ya shiga, a ranar nake zubar da shi.