Yadda muka kwashe da ƙarfen sabis a layinmu

Ni fa da farko ban san ƙarfen sabis za a kafa ba, na ɗauka Alhaji maƙwabcinmu ne zai ta da bene, don kwana biyu ina ganin tifa tana juye tsakuwa da yashi a kangon da ke manne da katangarmu ta baya. Sai da aka haƙa wani uban rami aka fara ɗaure rodi, sannan ƙanina ya dawo daga shagon caji yana cewa "Yaya ai eriya za a sa mana, Alhaji ya ba da hayar filin ya karɓe kuɗinsa a dunƙule." Unguwarmu kuwa irin ta bayan garin Kano ce, awon igiya, gida a jikin gida, in maƙwabci ya yi tari da dare kana jin sa.

A daren bayan sallar isha'i ba wanda ya tashi daga masallaci. Wannan ya ce cutar kansa take sawa, wancan ya ce tana hana haihuwa, wani dattijo ya rantse shi dai tun lokacin korona ya ji cewa 5G ce ta kawo cutar. Da yake ni malamin makaranta ne sai aka ce to Malam kai za ka rubuta mana takarda. Na kuwa zage na rubuta shafi uku cif, wallahi kusan duk abin da ke ciki daga saƙonnin WhatsApp na kwaso shi, cutar kansa a sama cutar kansa a ƙasa. Muka bi gida gida aka sa hannu, wanda bai iya ba ya dangwala, muka kai wa mai unguwa.

Ranar da wakilin kamfanin da ke kafa ƙarfen ya zo ƙofar gidan mai unguwa, ranar na san na yi shirme. Wani matashin injiniya ne mai sanyin murya, ya karanta takardar tsaf bai ko yi dariya ba, sai ya ce don Allah duk mai waya a aljihu ya ɗaga. Kowa ya ɗaga, har da masu biyu. Ya ce to wayar da ke manne da kunnenku ta fi ƙarfen nan aiko muku da abin da kuke tsoro, kuma in sabis ya yi rauni wayar ƙara ƙarfi take yi don ta kamo. Ya ce eriyar sama take harba siginarta gaba kamar hasken fitilar mota, gidan da ke gindinta kaɗan yake samu. Ya ƙare da cewa yanzu gwamnati ma sauƙaƙa musu aiki take yi. Muka watse jiki a sanyaye.

Haushi ya sa na je na zauna na yi karatun da ya kamata in yi tun farko. Gaskiya ne a 2011 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa irin wannan igiyar rediyo a rukunin 2B, wato abin da "mai yiwuwa" ne ya jawo kansa, amma yawanci a kan riƙe waya a kunne aka yi maganar, ita kanta hukumar kuma ta ce ba a samu gamsasshiyar hujja cewa turakun sabis na cutar da maƙwabtansu ba. Na ji kunya ba kaɗan ba. Maganar sauƙaƙawar da ya yi kuma akwai gaskiya akwai wayo a ciki, don abin da gwamnoni suka amince da shi a 2020 shi ne naira 145 kan kowace mita ta binne wayar intanet a gefen titi, wasu jihohin ma suka yafe gaba ɗaya. Wannan kuɗin haƙa hanya ne, bai ce a dasa ƙarfe a jikin ɗakin kwanan mutum ba.

Wanda ya fitar da mu kunya wani tsoho ne a layinmu da ya yi ritaya daga aikin safiyo, ba ya yawan magana, duk hayaniyar nan yana gefe da carbinsa. Ya kira ni ya ce "Ɗana, kun auna kuwa?" Na ce Baba me za mu auna? Ya shiga gida ya ɗauko tsohon tef ɗinsa na awo mai mariƙin ƙarfe. Daga bakinsa na fara jin cewa dokar hukumar kare muhalli ta ƙasa, NESREA, ta 2011 ta ce a bar mita 10 tsakanin gindin ƙarfen da katangar gida ko makaranta ko asibiti, ita kuma hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, a ƙa'idarta mita 5 ta ce, hukumomin biyu sun daɗe suna ja-in-ja a kan wannan, kowa kuma ya san wanne daga ciki kamfani zai fi so. Muka ja tef da safe leburori na kallonmu. Daga bakin ramin zuwa katangarmu mita shida da 'yan kai. Baba ya ce rubuta, ka ɗau hoto tef ɗin na ciki.

Shi ne kuma ya ce mu je wata unguwa da aka kafa irin wannan tun shekaru, mu tambayi masu gidan da ke jikinsa. Wannan tafiyar ita ta canza min tunani. Wata Hajiya ta sa aka shigar da mu tsakar gida, ba ta ce komai ba ta ja guga daga rijiya ta miƙo min. Ruwan yana wani ƙyalli a sama kamar an ɗiga mai a miya, warin dizal kuwa tun kafin ka kai hanci. Ta ce shekara nawa ke nan 'yan garuwa suke saye, rijiyar sai dai wanke banɗaki. Janareton kuma tun da muka zauna yake gunji, sai ka ɗaga murya kafin a ji ka, bangon da ke fuskantar salansar ya yi baƙi ƙirin kamar murhu. Ta ce in tankar mai ta zo ta toshe layi ko gawa aka ɗauko sai a jira. Mun fi awa ɗaya a gidan nan, ko sau ɗaya ba ta ambaci kansa ba.

Takarda ta biyu shafi ɗaya kacal na yi. Tazarar da muka auna da hotonta, ƙarar janareto da hayaƙinsa, inda za a ajiye tankin mai da rijiyoyi huɗu da ke kusa, sai roƙon a nuna mana takardar izinin gini da ta binciken muhalli. Muka kai hukumar tsara gari da ofishin muhalli da shi kamfanin, ko'ina sai an buga mana hatimi a kofinmu kafin mu fita. A nan ne ma na gano ashe kamfanin layin waya ba shi ne mai ƙarfen ba, yawancinsu sun daɗe da sayar da turakunsu ga wasu kamfanoni daban suna haya a kai, mu kuwa takardar farko can muka aika kofinta, ba mamaki ko amsa ba mu samu ba.

Wahalar da ta fi ta ofis ita ce ta cikin gida. Samari suka ce su kawai da dare za su cike ramin su kwashe rodin, sai da liman ya sa baki, ni kuma na gaya musu tun 2024 gwamnatin tarayya ta sa kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa, wanda ya taɓa shi zai kwana a ciki, mu kuma maganarmu ta lalace. Ga kuma waɗanda suke so a kafa ɗin, kuma suna da gaskiyarsu. Mai POS na bakin layi kullum yana ɗaga na'ura sama kamar mai roƙon ruwa. Wani bawan Allah ɗan Gusau ya ce ku ba ku san rashin sabis ba, mu da aka rufe mana a 2021 sai mun yi tafiya kafin mu ji muryar 'yan uwa. Shi kuwa Alhaji ya daina amsa gaisuwata, ya ce hassada ce, har Inna ta kira ni ta ce kai ka bi a hankali, maƙwabci ya riga ɗan uwa zuwa jana'iza.

Ƙarfen dai an kafa shi, kar wani ya ɗauka mun kore su. Amma bayan wata biyu aiki a tsaye sun cike ramin farko sun koma ɗaya kusurwar filin ta wajen titi, suka sa janareto mai rufin da ke rage ƙara, da sola da batira yadda da rana ba ya tashi sosai, suka zuba kankare da ɗan bango a ƙarƙashin tankin. Duk waɗannan a rubuce suke da sa hannun mai unguwa. Rijiyar burtsatse da suka ce za su yi wa masallaci ita ce da baki aka faɗa ana tsakiyar shan lemo, ni kuma na ji nauyin in ce a rubuta, har yau ga ta nan ba ta zo ba.

Yanzu duk wata nakan ja ruwa a rijiyarmu in sansana, Baba ya ce in riƙa rubuta ranar a bayan kofin takardar. Alhaji ya fara amsa gaisuwa tun da ƙaramar sallah, a daƙile dai. Inna kuwa da ta fi kowa tsoron eriyar, ita ce yanzu take zama a tsakar gida da magariba tana kiran jikokinta na Kaduna ta bidiyo, jar fitilar ƙarfen tana ƙyaftawa a saman kanta.