Hula ta uku: yau dai yadin ya kwanta

Salamu alaikum 'yan uwa masu koyon ɗinkin hula. Yau kam sai na yi magana, jikin hular nan da nake fama da shi tun bayan ƙaramar salla ya kai rabi kuma yadin ya kwanta lumui, ko tattarewa ɗaya babu. Na shimfiɗa shi kan tabarma ina ta shafawa da tafin hannu, har ƙanwata na kira ta zo ta gani.

Waɗanda suka ga hotunan da na sa a baya sun san matsalata. Duk inda na cike fure sai yadin ya tsuke a wurin kamar bakin jakar da aka ja igiyarta, idanun ɗinkin wasu manya wasu ƙanana, layi ya bi ya karkace. Sau uku ina warwarewa, a na ukun reza ta yanki yadin, dole na sake saye na sake biyan mai zane, ga zaren Anchor da na warware duk ya yi gashi ba ya sake ɗinkuwa. Da na haɗa lissafi kusan naira 9,000 ce ta tafi a banza, a watan da kuɗin makarantar yara ke jirana. Ranar na yi kuka sosai, don abin da na ɗauko ya sanyaya min rai shi ma ya koma wani aikin da nake kasawa.

Ni nas ce, shekara 11 ina aiki a nan Gombe. Abin da ya kawo ni ɗinki ba gajiyar da barci ke magani ba ce. Sai in yi barcin awa tara in tashi jikina kamar an daka, in sa yunifom ina jin kamar in cire, mara lafiya yana min bayani ina ji amma zuciyata ba ta wurin, kuma wannan ɗin ne ya fi tsorata ni don ba haka nake ba. Ashe tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan hali a kundinta a matsayin abin da matsin aiki mai tsawo ke haifarwa, da alamomi uku: ƙarewar kuzari, aikin ya fita ran mutum, sai kuma jin cewa ba ka tsinana komai. Duka ukun na gani a kaina.

To wadda ta gano bakin zaren wata dattijuwa ce a Pantami, mutuniyar Bama, suna cikin waɗanda suka yi gudun hijira a 2014, kuma kun san hannun mutanen Bama a hula ba sai an faɗa ba. Na kai mata yadin, ta murza shi tsakanin yatsu ta ce, "'Yata, yaushe kike ɗinkin nan?" Na ce Iya, in na sauko daga dutin dare, ko da daddare da tocila in wuta ta ɗauke. Ta ce ai ga shi nan a jikin yadin, inda na huta ɗinkin ya saki, inda na gaji na shaƙe shi. Wallahi da na duba haka ne, ina iya nuna muku furen da na yi ranar da muka kwana mu biyu kacal a kan ɗaki cike da marasa lafiya.

Ta sa na rage tsawon zaren, kada ya wuce kamu ɗaya, don dogon zare yana murɗewa ya ƙulle, kai kuma sai ka fizga, fizgar nan ce ke tsuke yadi. Ta ce in ja zare har ya kwanta kawai, kada in jira sai na ji ya ciji yadin, babban yatsan hagu kuma ya danne wurin kafin in ja. Sannan ta kalli zanen da na kwafo daga Facebook mai kala bakwai ta ce in ajiye shi tukuna, ta zaɓa min mai kala uku. Na ji zafin wannan, ba zan ɓoye ba. Satin farko hannuna ya ƙi, da na ɗan shagala sai in koma fizga, sai da na riƙa tsayawa bayan kowane ido goma ina shafa yadin in ji ko ya fara tashi.

Jiya bayan la'asar na zauna a inuwar darbejiya, waya tana ɗaki a caji. Na san na fara da zare mai ruwan ƙasa, abu na gaba da na ji kiran sallar magariba ne. Awa biyu da wani abu ban tuna asibiti ba ko sau ɗaya, ban ƙirga ido ba, hannun ne kawai ke tafiya, kuma da na miƙe kafaɗuna sun sauko, rabon da in ji haka har na manta. An yi wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan asalin ƙasar Hangari, Mihaly Csikszentmihalyi, da ya koyar a jami'ar Shikago, ya daɗe yana bincike a kan irin wannan nutsewa cikin aiki, ya tattauna da masu zane da masu hawan duwatsu da likitocin tiyata. Abin da ya gano shi ne sai aikin ya zo daidai da iyawarka, ka san abin da kake nufi, kuma kana ganin sakamako nan take. In ya fi ƙarfinka fargaba za ta kama ka, in ya yi sauƙi da yawa ka gundura. Zanen kala bakwai ya fi ƙarfina, hulata ta farko mai layi zalla kuma hannu na ɗinki zuciya na can ɗakin marasa lafiya. Wannan ta ukun ce ta zo daidai, kowane ido kana gani ya yi ko bai yi ba.

Ban ce hula ta gyara min wurin aiki ba fa, har yanzu hannu bai isa ba, gobe ma dare zan kwana. Amma shekaranjiya na tsaya na saurari wata tsohuwa har ta gama labarin jikokinta, kuma da zuciyata na saurara.

Saura rabin jiki, sai kai. Abin da nake tsoro yanzu shi ne haɗa kai da jiki, a hulata ta biyu nan ne ya yi min baki ya ƙi zama daidai. Don Allah wadda ta ƙware ta faɗa min, kuna fara kafa shi ne da manyan ɗinki a kusurwa huɗu, ko bi kuke kawai a zagaye? Kuma ni ban kai wa mai wankin hula ba tukuna, ina so in san ko sitaci yana ƙara jan yadi kafin in auna kan maigidana.