Wasiƙa daga Bronx: Yadda muka auna 'yan takara biyu masu neman kujerar Majalisar Amurka

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan uwa da abokan arziki na gida. Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fata kuna lafiya, ya iyali, ya kuma haƙuri da tsadar rayuwa. Mu ma nan Bronx, a birnin New York, lafiya ƙalau muke, sai godiyar Allah.

Bayan haka, duk lokacin da muka yi waya aka taɓo siyasar Amurka, tambayarku ba ta wuce shugaban ƙasa. Ban ga laifinku ba, shi ake nuna muku a labarai dare da rana. Amma lalitar ƙasar nan ba a hannunsa take ba. Haraji da kasafin kuɗi da tallafin makaman da ake bai wa wasu ƙasashe, duk sai Majalisa ta amince. Majalisar Wakilai tana da kujeru 435, kuma duk bayan shekara 2 kowa sai ya koma gaban jama'a ya sake neman kujerarsa. Dattawa su 100 ne, wa'adinsu shekara 6. Kowane wakili yana riƙe da mazaɓa mai mutane wajen 760,000.

Kada ku ɗauka abin bai shafe ku ba. A 2025 an kawo wata babbar dokar haraji, a cikinta har da haraji kan kuɗin da ake aikawa ƙasashen waje. Kashi 5 cikin 100 aka fara nema, aka rage zuwa 3.5, da maganar ta je gaban Dattawa ya koma kashi 1 a kan wanda ya kai tsabar kuɗi ya aika. Ranar da dokar ta fara tsallake Majalisar Wakilai, a watan Mayu, mutum 215 ne suka yarda, 214 suka ƙi. Kuɗin asibiti da na makaranta da na cefanen azumi da muke turo muku, ƙuri'ar mutum ɗaya ce ta shiga tsakani. Shi ya sa nake so in ba ku labarin wata takara da aka yi a mazaɓarmu, don ku ga yadda ake ɗora mutum biyu a sikeli kafin a dangwala.

Mazaɓarmu ita ce ta 16 a jihar New York. Ta ɗauki wani ɗan yanki na arewacin Bronx, amma mafi yawanta a kudancin gundumar Westchester take, garuruwa irin su Yonkers da Mount Vernon da New Rochelle da White Plains. Akwai unguwannin talakawa, akwai na masu hannu da shuni, akwai baƙar fata da 'yan Latin Amurka da Yahudawa masu yawa da Musulmi. Duk wanda jam'iyyar Dimokrat ta tsayar a nan, kusan ya gama cin zaɓe, saboda haka ainihin karawar a zaɓen fid da gwani ake yin ta. Kuma ba daliget ake tarawa a otal ba. Duk wanda ya yi rajista da jam'iyyar zai je rumfa da ƙafarsa ya zaɓa. Na 2024 an yi shi ne ranar 25 ga Yuni, tsakanin Jamaal Bowman, mai riƙe da kujerar, da George Latimer.

Bowman malamin makaranta ne. Shi ya kafa wata makarantar gwamnati a nan Bronx, ya shugabance ta shekara da shekaru, bai taɓa riƙe muƙamin siyasa ba sai a 2020 da ya kayar da Eliot Engel, wanda ya haura shekara 30 a Majalisa kuma yake shugabantar kwamitin harkokin waje. Latimer kuwa tsohon hannu ne, yana da shekara 70 a lokacin. Tun 1987 ya fara da kansila a garin Rye, ya shiga majalisar gunduma, ya je majalisun jiha guda biyu, daga 2018 kuma ya zama shugaban gundumar Westchester mai mutane kusan miliyan 1. Bai taɓa faɗuwa zaɓe ba. Mutum ne da ba a buɗe ɗakin karatu ko a yi taron tsofaffin sojoji a yankin ba tare da an gan shi ba.

Latimer ya yi nasara da tazarar kusan maki 17. Washegari saƙonnin murya suka yi ta shigo mini daga gida, kowa na cewa an kayar da Bowman ne saboda ya tsaya wa Falasɗinawa. Akwai gaskiya a ciki, gaskiya mai nauyi ma. Sai dai ba ita kaɗai ba ce, kuma wanda ya tsaya a kanta ba zai koyi komai daga abin da ya faru ba.

Idan ka jera manufofinsu, za ka tarar a abubuwa da yawa bakinsu ɗaya. Dukansu suna adawa da Trump, suna son a tsaurara dokar mallakar bindiga, suna goyon bayan 'yancin zubar da ciki, abin da yawancinmu Musulmin nan ba mu ji daɗinsa daga kowannensu ba. Sun rabu ne a kan yadda gwamnati za ta kashe kuɗi. Bowman yana son inshorar lafiya ta gwamnati ga kowa da kowa, da zuba maƙudan kuɗi a gyaran makarantun gwamnati, da ƙara wa attajirai haraji. Latimer mai tafiya sannu ne, abin alfaharinsa shi ne ya gudanar da gunduma, ya sassauta harajin gidaje, kuma ya iya zama da 'yan Rifablikan a cim ma matsaya. Babbar rabuwar kuwa a kan Gaza take. Tun a watan Oktoba na 2023 Bowman ya sa hannu a ƙudurin neman tsagaita wuta, daga baya ya kira abin da ke faruwa kisan ƙare dangi, a watan Afrilu na 2024 kuma ya ƙi amincewa da ƙarin tallafin soji ga Isra'ila. Latimer ya ziyarci Isra'ila gab da bayyana takararsa, matsayinsa kuma shi ne ba maganar tsagaita wuta sai Hamas ta saki mutanen da ta yi garkuwa da su.

Wannan duk abin da baki ya faɗa ne. Abin da ya fi burge ni da tsarin ƙasar nan shi ne ana rubuta abin da hannu ya yi. Duk muhimmiyar ƙuri'a a Majalisa, ana ajiye sunan kowane wakili da abin da ya zaɓa, kuma kowa zai iya dubawa a intanet kyauta. Da ka buɗe na Bowman za ka ga abin da masoyansa ba su cika faɗa ba: a 2021 ya amince da dala biliyan 1 don garkuwar makamai masu linzami ta Isra'ila, har wasu abokan tafiyarsa suka yi fushi da shi. Wato matsayinsa na 2024 ba da shi ya shiga Majalisa ba, ya iso gare shi ne bayan ya ga Gaɓar Yamma da idonsa. Za ka kuma ga cewa a watan Nuwamba na 2021 yana cikin 'yan Dimokrat 6 da suka ƙi amincewa da dokar gyaran hanyoyi da gadoji da bututun ruwa ta sama da dala tiriliyan 1, wadda Shugaba Biden ya ɗauka da muhimmanci. Hujjarsa ita ce an raba ta da wata dokar tallafa wa iyalai da aka yi alkawarin za su tafi tare. Hujja ce mai ma'ana, amma tana buƙatar minti biyar na bayani, ita kuwa tallar da aka kai masa hari da ita daƙiƙa 30 ce.

Ga kuma abin da ya jawo wa kansa. Ranar 30 ga Satumba 2023 ya danna ƙararrawar gobara a wani ginin Majalisa, ana shirin kaɗa ƙuri'a kan kasafin wucin gadi. Ya ce ƙofa yake neman buɗewa. Ya amsa laifi a kotu, ya biya tarar dala 1,000, a watan Disamba kuma Majalisa ta tsawatar masa a hukumance. Dattawa da yawa a unguwarmu, waɗanda ba ruwansu da Isra'ila, wannan ya sa suka ja baya. Wasu kuma sun yi ƙorafin ya fi bayyana a talabijin fiye da tarukan unguwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma Latimer ya shekara 30 da ɗoriya yana sauraren masu ɗakunan.

A nan akwai wani rashin daidaito da mai zaɓe ya kamata ya lura da shi. Mai riƙe da kujera yana da ɗaruruwan ƙuri'u da za a tono a yi masa bulala da su. Mai nema kuwa bai taɓa zama a zauren ba, don haka yana iya sulalewa daga tambaya mai zafi. Latimer ya yi hakan a kan batun Netanyahu, bai cika yarda a kai shi bango ba. A wata muhawara ma ya ce wa Bowman jama'arsa tana Dearborn ne ta jihar Michigan, garin da aka sani da yawan Larabawa da Musulmi. Maganar ta yi mana ciwo, don mu ma 'yan mazaɓar ne, muna biyan haraji a cikinta.

Sai batun kuɗi, kuma a nan ne nake so ku tsaya da ni. Dokar Amurka ta ce duk wanda ya bai wa ɗan takara sama da dala 200, sai an bayyana sunansa da wurin aikinsa ga hukumar da ke sa ido kan kuɗin zaɓe. A 2024 mutum ɗaya ba zai ba da fiye da dala 3,300 a zaɓe guda ba. Amma tun bayan wani hukuncin Kotun Ƙoli na 2010, ƙungiyoyi na gefe suna iya kashe ko nawa ne, muddin ba su haɗa baki da ɗan takarar ba. Ta wannan ƙofa ce wani reshe na AIPAC, ƙungiyar da ke kare muradun Isra'ila, ya zuba sama da dala miliyan 14 a mazaɓarmu. Kafin 2024, ba a taɓa kashe kuɗin da aka kashe a wannan karon ba a wani zaɓen fid da gwani na Majalisar Wakilai. Akwatin wasiƙunmu ya cika da takardu, talabijin ba hutu. Abin lura shi ne yawancin tallace-tallacen ba su ambaci Isra'ila ko Gaza ba. Maganarsu ita ce Bowman ya juya wa Biden baya, ya ƙi dokar hanyoyi da gadoji. Dalilin da ya sa aka biya kuɗin daban, abin da aka faɗa wa mai zaɓe daban. Wanda bai karanta ƙananan rubutun da ke ƙasan talla ba, ya bi sunan ƙungiyar ya ga su wane ne, ba zai taɓa sanin wanda ke yi masa magana ba.

Ina roƙonku kada ku mayar da wannan maganar ta zama ta Yahudawa baki ɗaya. Bernie Sanders Bayahude ne, kuma ya zo Bronx ya yi wa Bowman yaƙin neman zaɓe. Akwai matasan Yahudawa da suka bi gida gida dominsa. Akwai kuma maƙwabta da suka zaɓi Latimer don tsoro na gaske da ya kama su bayan harin da Hamas ta kai Isra'ila ranar 7 ga Oktoba 2023, ba don an saye su ba.

Ni Bowman na zaɓa. Na san da ƙararrawar gobara, na san da dokar gadoji, na auna su, na ga ba su kai nauyin yaran da ake tonowa daga ƙarƙashin gine-gine ba. Wani ya auna ya ga akasin haka, kuma ina girmama shi matuƙar ya auna ɗin. Wanda ke ba ni takaici shi ne ɗan'uwanmu da ya samu takardar zama ɗan ƙasa, yake ta zafi a WhatsApp, amma bai yi rajista da jam'iyya ba, ranar zaɓe kuma yana wurin aiki. A mazaɓa mai mutane sama da 700,000, ƙuri'un da aka kaɗa ba su kai 100,000 ba.

Binciken asalin ɗan takara ma ba ƙaramin abu ba ne. A 2022, a wata mazaɓa da ba ta da nisa da mu, George Santos ya ci zaɓe da tarihin ƙarya. Ya ce ya gama kwalejin Baruch, ya ce ya yi aiki a Goldman Sachs da Citigroup, duk babu ko ɗaya. Wata ƙaramar jaridar yankin ta yi tambaya kan dukiyarsa tun kafin zaɓe, ba wanda ya kula. Sai da ya ci sannan manyan jaridu suka tona, aka kore shi daga Majalisa ranar 1 ga Disamba 2023 da ƙuri'a 311 a kan 114. Ga shi kuwa kayan binciken a bagas suke. Ƙungiyar mata masu zaɓe, wadda aka kafa tun 1920, takan aika wa 'yan takara tambayoyi iri ɗaya, ta buga amsoshinsu gefe da gefe ba tare da ta taɓa ko harafi ba, wanda ya ƙi amsawa kuma a bar gurbinsa fayau kowa ya gani.

Na san a gida abin ya fi wuya. Takardar ƙuri'armu alamar jam'iyya kawai take ɗauke da ita, ba sunan mutum, kuma a Majalisar Tarayya yawanci da murya ake yanke hukunci, ba za ka san wakilinka e ya ce ko a'a ba. Duk da haka INEC tana liƙa takardun rantsuwar 'yan takara, da makarantun da suka ce sun yi, kafin zaɓe. Matasanmu masu waya a hannu za su iya ɗaukar na mutum biyu su jera, su karanta wa iyaye a majalisar unguwa da harshen da za su gane, su haɗa da ƙudurorin da mai ci ya gabatar a shekara 4.

Masu 'ya'ya da ƙanne a jihar New York kuma, idan kun yi waya ku tambaye su ko sun yi rajista da jam'iyya. Wanda yake son sauya rajistarsa don ya samu shiga zaɓen fid da gwani na watan Yuni, sai ya yi kafin 14 ga Fabrairu ta wuce.

A gaishe mini da dattawa da malamai da duk mutanen gida. Allah ya bar zumunci.

Wassalam,
Ɗan'uwanku mazaunin Bronx