Ranar da na canja tiyon lagireton motata da hannuna

Wani ƙamshi mai ɗan zaƙi-zaƙi ne ya fara jan hankalina duk lokacin da na tsayar da mota bayan doguwar tafiya, amma na yi kwanaki ban ɗauke shi a bakin komai ba, har sai da na ga allurar zafi ta haura inda ta saba tsayawa. Washegari da safe, kafin in tayar da inji, na ɗaga bonet na bi tiyon sama da hannu tun daga wuyan lagireto har zuwa inda ya haɗu da jikin inji. Tsakiyarsa lafiya ƙalau yake, amma daf da maɗaurin ƙarfen da ke riƙe da bakinsa ya kumbura ya yi laushi tuɓus, ga kuma farin busasshen tabo da ruwan da ke tsattsafowa ya bari.

Manyan tiyo biyu ne ke haɗa lagireto da inji. Na sama shi ne ke kwaso ruwa mai zafi daga inji, na ƙasa kuma ya mayar da shi wurin famfon ruwa bayan ya huce. Inji yana aiki ne da zafin da ya kai digiri 90 ko fiye, kuma murfin lagireto yana riƙe matsi na kusan bar 1 (bar ma'aunin matsi ne) domin kada ruwan ya tafasa a digiri 100 kamar yadda zai yi a buɗaɗɗen mazubi. Wannan zafi da matsi su ne robar ke jurewa shekara da shekaru, kuma abin da ya fi damuna shi ne daga ciki take fara lalacewa, galibi kusa da bakunan, ta yadda ido ba ya gane komai sai an matsa ta da yatsu. Man inji ma idan yana ɗiga a kanta yana jiƙa ta ya kumbura ta.

Sharaɗi na farko, wanda ba na yarda a yi wasa da shi, shi ne inji ya huce sarai kafin a taɓa murfi. Ruwan da ke ƙarƙashin matsi yana iya wuce zafin tafasa ba tare da ya tafasa ba, da zarar an buɗe murfin sai ya yi tsiri ya watsu a fuska da hannu. Saboda haka na bar motar ta kwana, sannan na tara roba a ƙarƙashi na kwance magudanar da ke gindin lagireto. Ruwan sanyaya inji yana da sinadarin etilin gilaikol, mai zaƙi a baki amma guba ne, don haka na juye shi a jarka mai murfi na ajiye inda yaro ko dabba ba za su kai gare shi ba.

Maɗauran motata irin masu sifirin ne, waɗanda ake matse kunnuwansu da filaya a ja su baya, kuma wannan bai ɗauke ni minti biyu ba. Inda na sha wuya shi ne raba tsohon tiyon da wuyan lagireto, domin zafin shekaru ya manne su kamar an sa gam. Na murɗa, na jijjiga, ko motsi bai yi ba. Har na ɗauko sukundireba na cusa bakinta a tsakani zan ɓanɓare, sai na tuna cewa wuyan nan na roba mai tauri ne ba na ƙarfe ba, kuma roba irin wannan idan ta tsufa tsagewa take yi, wanda ke nufin sayen sabon lagireto gaba ɗaya. Na ajiye ta, na ɗauko wuƙa mai kaifi na tsaga tiyon a tsaye a hankali, ina kiyaye kada tsinin ya karci wuyan, sannan na ɓare shi kamar ɓawo. Tun da dai jefar da shi za a yi, ban ga dalilin tausaya masa ba.

Na goge wuyan biyu tas, na jera sabon tiyon kusa da tsohon domin in tabbatar lanƙwasarsu da faɗin bakinsu ɗaya ne, na zura maɗauran a jikinsa tun kafin in saka shi. Na shafa ɗan ruwan sanyaya inji a cikin bakinsa don ya shige da sauƙi, ban yi amfani da mai ko giris ba. Kowane wuya yana da ɗan tudu a bakinsa, kuma dole ne maɗauri ya zauna a bayan wannan tudu, ba a kansa ba, in ba haka ba matsi zai iya fizge tiyon. Wanda maɗaurinsa mai sukuru ne ya ɗaure daidai, domin ɗaurin da ya wuce kima yana yanka robar.

Na cika lagireton da haɗin rabi da rabi na ruwan sanyaya inji da tataccen ruwa, irin wanda littafin motar ya ambata. A nan ne na ga mutane da dama suna gaggawa, alhali iskar da ta maƙale a ciki tana iya sa inji ya yi zafi ko da tiyon sabo ne fil. Na tayar da inji murfi a buɗe, na kunna hita har ƙarshe, na tsaya ina kallon kumfa tana tasowa ɗaya bayan ɗaya. Bayan kamar minti 15 tamostat, wato bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto idan inji ya ɗauki zafi, ya buɗe, na ji tiyon sama ya ɗauki zafi a tafin hannuna, ruwan ya ja ƙasa, na ƙara, na rufe murfin, na jira har fanka ta tashi ta tsaya.

Da gari ya sake wayewa na duba, ruwan ya ɗan ragu a tankin ajiya, na cike shi zuwa layi, na shafa ƙarƙashin maɗauran biyu na ji su a bushe. Sai na ɗauko tsohon tiyon na tsaga shi gida biyu domin in ga cikinsa. Kusa da bakin duk ya tsattsage, zaren da ke ƙarfafa robar ya bayyana a wurare uku, baƙin gari yana kama mini yatsa. Tiyon ƙasa sa'ansa ne, tare aka saka su, saboda haka na riga na sayo nasa, zan canja shi a ƙarshen makon nan.