Kuɗin belin da ba ya dawowa

Makon jiya wata kotu a jihar Texas da ke Amurka ta wanke ƙanena, alhamdulillahi. Amma dala 1,000 ɗinmu ta tafi ke nan.

Alƙali ya yanka belin dala 10,000. Da muna da su mun ajiye a kotu, da an mayar mana bayan shari'a, tunda yaron bai tsallake zama ko ɗaya ba. Babu su, sai muka je wurin masu sana'ar tsaya wa mutane. Kashi 10 cikin 100 suka karɓa, ladansu ne, ko an wanke ka ko an ɗaure ka. Mai hali bai san wannan asarar ba. Har takardun motata suka riƙe jingina, sai jiya na karɓo.

Jihar Illinois kam ta soke belin kuɗi tun 2023.