Balbela ta koma sunanta na fari

Jiya da la'asar muna bakin tabkin Gidimuni ni da ɗan ƙanena, balbelu sun yi fari fat a bayan shanu. Na ce masa a littafinmu na lakwal Bubulcus ibis ake kiranta. Ya ce, "Baba, ai yanzu Ardea ibis ce."

Ashe sunan da Linnaeus, masanin da ya tsara sunayen halittu na kimiyya, ya raɗa mata ke nan tun 1758, sai a 1855 aka ware mata gida nata, wato Bubulcus. Yanzu binciken ƙwayoyin halitta ya nuna jininsu ɗaya da zalɓe, aka mayar da ita cikin dangi. Har ta gabashin Asiya an raba ta da tamu.

Wallahi abin ya taɓa ni. Da na koma Zango na ɗauko tsohon littafin, na gyara da fensir.